Faransancina da Shanun Baffa

Duk lokacin da wani matashi ya zo ya tambaye ni ko ya haɗa da Faransanci a karatunsa na jami'a, nakan ce masa ya haɗa. Ba ƙarya nake yi masa ba. Faransanci ya ba ni kujera, ya ba ni mota, ya kai ni garuruwan da ubana bai taɓa jin sunansu ba. Sai dai nakan faɗi haka ina kallon wani gefe, don har yau ban manta yadda aka yi na samu kujerar farko ba.

Ba don ƙauna na ɗauke shi ba. Labarin ƙasa na je karantawa, shi ne babban fannina, amma ka'idar jami'a ta ce sai ka haɗa da wani ƙaramin fanni a gefe. Na leƙa ajin lissafi na ga abin ba na wasa ba ne. Na leƙa na tarihi na ga an cika maƙil. Sai wani malaminmu ya ja ni gefe ya ce ƙasa ta samu 'yancin kai, maƙwabtanmu ta ko'ina da Faransanci suke aiki, masu jinsa kuwa a Jihar Arewa ba su taka kara sun karya ba. Wanda ya iya shi, in ji shi, aiki ne zai riƙa binsa yana roƙo. Haka na shiga ina murɗa harshe ina magana ta hanci kamar mai mura, abokaina suna tsokanata wai na bar Turancin da ake cin abinci da shi na kama na mutanen Ƙwanni da Dogon Dutsi.

Da na gama, aka ɗauke ni ƙaramin ma'aikaci a wani ofis a Sakkwato. Aikin da aka ce zai bi ni yana roƙo bai zo ba. Watanni ina ɗaukar fayil daga wannan tebur in kai wancan, Faransancin yana kwance a kaina yana tsatsa. Sai cikin wata bazara mai zafin tsiya aka kira ni aka ce wani Bafaranshe likitan dabbobi zai zo duba aikin rigakafin bushiya a ƙasar Tambuwal da Kebbe. Turancinsa bai kai ya kawo ba, saboda haka ni zan yi masa tafinta. Tunda ɗan Tambuwal ne ni, aka ce in riga shi isa, in sauka a gidanmu.

Yaran yanzu in an ce bushiya sai su ɗauka dabbar nan mai ƙaya ake nufi. Ciwon shanu ne, kuma babu irinsa. Saniya ta daina kiwo, idonta ya yi ta zubar da hawaye, bakinta ya yi gyambo, zawo ya ɓalle mata, cikin 'yan kwanaki a ja gawarta. In ya shiga garke ba ya barin na iri. Shi ya sa a shekarun nan ƙasashen yankinmu suka haɗa kai ana bin shanu duk shekara ana yi musu allura. Duk wadda aka yi wa, sai a kama kunnenta a huda da wani awartaki mai barin alama, don ko'ina ta shiga, nan ko ƙetaren iyaka, ƙasar Faransawa, a san an gama da ita a wannan shekarar. A ɓangarenmu wannan ce shekarar ƙarshe ta aikin. Bayanta sai sabbin maruƙa kawai za a riƙa yi wa.

Akwai mutum ɗaya da ban taɓa tsammanin zai kai shanunsa ba, aminin mahaifina, wani Bafillace da muke kira Baffa. Shi yake riƙe da 'yan shanun gidanmu cikin nasa tun kafin a haife ni. Da rani yakan sauka a fadamun Kebbe, da damina ya hau tudu. Baffa bai yarda da duk abin da ya fito daga ofis ba. A ganinsa mai allura ƙanen mai jangali ne, in wannan ya ƙirga yau, wancan zai zo gobe. Duk shekarun da ake rigakafin, da ya ji ƙurar motarsu sai ya kaɗa garkensa ya nutse cikin daji. Kunnen shanunsa lafiyayyu ne sumul, kuma yana taƙama da haka.

Ranar da na isa gida, ban ko gama wanke ƙafa ba mahaifiyata ta tarye ni da albishir.

"Ka ji Baffanka ya kai shanu an yi musu allura? Satin da yaw wuce. Dut da namu."

Na ce, "Baffa? Wa yaj ja shi?"

"Kai mana. Cewa yay yi tunda ɗanai ya shiga gwamnati, gwamnati ta zama ta gida."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na kwana ina jin kaina wani abu.

Washegari da hantsi na je gaida shugaban aikin rigakafin na yankin, wanda kowa ke kira Maigida. Ba ɗan garinmu ba ne, turo shi aka yi, amma ya shige cikin manyan gari kamar a nan aka yanke cibiyarsa. Ƙato ne mai fara'a, mai son baƙi, wanda ba a zuwa gidansa a fita da yunwa. Ya sa aka shigar da ni falo, ya ƙwala wa matarsa kira, aka kawo mini ruwa a kofin gilashi. Da na kai baki sai da haƙorana suka amsa. Ruwan sanyi ne ƙarara, har da ƙanƙara tana yawo a sama, a Tambuwal, cikin bazara, garin da ko wutar lantarki babu. Na shanye na nemi ƙari.

Ina cikin kofi na biyu idona ya faɗa kan abin da ke kusurwar falon. Firiji ne mai aiki da kananzir, fari, an shimfiɗa masa ƙyalle mai ado an ɗora hoton Maigida a kai. Na san shi. Irinsa ne aka raba wa kowane yanki don ajiye maganin allurar, don ba sai ka karanta likitanci ba ka san maganin nan in ya sha zafi ya mutu. Ko a rediyo ana faɗa. Da aka buɗe don ƙaro mini ruwa na leƙa. Kwalaben lemo ne a jere, da kwanon man shanu, da cinyar rago.

Na ce, "Ranka shi daɗe, maganin fa, ina shike?"

Ya ce, "Shina sito. Lafiya lau shike."

Siton kuwa ɗaki ne na kwano a bayan ofis, mara taga, wanda in ka ajiye ɗanyen ƙwai da safe za ka iya cinsa da azahar. Na tambaye shi tun yaushe. Ya yi dariya ya ce tun farkon zafi, lokacin da manyan baƙi suka fara sintiri daga Sakkwato. Ai ba zai yiwu babban mutum ya sha hanya ya sauka a gidanka ka miƙa masa ruwan randa ba. Da farko aron kwana biyu aka yi, to ka san baƙi, wani na tafiya wani na zuwa.

Na ce, "To ai maganin ya mutu. Ruwa aka tsira ma shanun mutane."

Fara'ar ba ta bar fuskarsa ba. "Malam ƙarami, abin da babba yah hango, yaro ko ya hau rimi ba shi ganinai. Shanun ƙasag ga dut sun sha allura bara, sun sha bara waccan, da magani mai rai. Ta bana cikon ƙa'ida ta. Ko ruwan rijiya anka tsira musu ba abin da za shi same su."

"Waɗanda ba su sha ta bara ba fa?"

"Su wa ke nan? Masu gudu daji? Wa yac ce su gudu?"

Abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan, ba jahilci ba ne. Da jahili ne da na yi masa uzuri. Mutumin nan ya yi lissafinsa tsaf, ya san ba za a taɓa kama shi ba, don yawancin shanun suna da kariyarsu tun da. Waɗanda za su kwana a ciki su ne 'yan tsirarun da sai bana suka yarda suka fito. Na dubi kofin da ke hannuna na ajiye shi, amma na riga na sha.

Na ari keken wani ɗan'uwana na kama hanyar Kebbe. Na sami Baffa da la'asar a bakin fadama, ya dogara da sandarsa ya naɗe ƙafa ɗaya. Da ya gan ni ya washe baki, ya kama kunnen wata jar karsana ya nuna mini hudar, har yanzu da ɓawon jini a gefenta.

"Ka gani, ɗana? Na zama ɗan boko."

Ban iya yi masa kwana-kwana ba, na faɗa masa yadda abin yake. Ya saki kunnen karsanar. Ya juya ya dubi garken.

"To a sake musu mana."

"Baffa, mai hudar bana ba a sake mata. Ko ƙasar Faransawa kak kai su, da sun ga kunne za su ce an gama."

"Ashe da ina cikin dajina da sun fi tsira."

Na ce masa kada ya damu. Likitan da zai zo Bature ne, shi ne gaba da Maigida, kuma ba ya tafiya sai da nasa maganin cikin ƙanƙara. Ni kaɗai ke jin yarensa a ƙasar nan. Zan faɗa masa baki da baki, babu mai shiga tsakani. Ya kawo garken kusa da inda za a yi wa likitan taro a Kebbe, kafin rana ta yi tsaka an sake musu. Na faɗi haka da dukkan zuciyata. A ranar na ga amfanin duk wahalar da na sha ina magana ta hanci.

Likitan ya iso cikin Landiroba, siririn mutum mai jan wuya da gajeren wando. Da na gaishe shi da yarensa sai ya riƙe hannuna da hannu biyu kamar ya ga ɗan'uwansa, ya ce tun da ya ƙetaro iyaka bai yi magana da kowa kamar mutum ba. Aka wuce da shi kai tsaye gidan Maigida cin abinci. Na so in tare shi a hanya, amma Maigida yana manne da shi, sai na ce a raina ba sai na yi magana ba ma, falon zai yi mini.

Ya kuwa gani. Ina tsaye a bayansa lokacin da aka buɗe firijin aka ɗauko masa lemo. Ya dubi firijin daga sama har ƙasa. Ya miƙa ɗan yatsa ya ɗaga gefen ƙyallen, ya ga tambarin aikinsu a jiki, ya sake shi ya rufe. Sannan ya manna kwalbar mai raɓa a goshinsa, ya lumshe ido, ya ce in gaya wa maigidan nan ya ceci ransa. Na fassara. Ya sha kwalba biyu, ya nemi a sa masa wata ya tafi da ita masauki.

Duk da haka ban fid da rai ba. Na ce wataƙila irin nasu ladabin ke nan, ba a faɗa a kan abinci.

Taron Kebbe aka yi shi a wani fili kusa da gari, ƙarƙashin manyan itatuwa. An share wuri, an yayyafa ruwa, an jera kujeru, dattawan gari sun zauna da rawunansu, makaɗa na gefe. An tattaro 'yan maruƙa marasa huda don baƙo ya gwada allura da hannunsa a gani. Can nesa kaɗan, bayan jama'a, na hango Baffa da garkensa, ya kawo su kamar yadda na ce. Direban likitan ya sauko da akwatin ƙanƙara ya buɗe. Kwalaben suna ciki reras, fiye da abin da maruƙan za su ci.

Da aka gama jawabai likitan ya tsira wa maruƙan allura ana tafi, sai na matsa kusa da shi na yi magana da ƙarfi, cikin Faransanci, a gaban kowa. Na ce masa firijin da ya sha lemo daga ciki na magani ne, kuma ya sani. Na ce maganin bana ya yi watanni a ɗakin kwano. Na nuna masa garken Baffa na ce waɗancan ba su taɓa shan allura mai rai ba, ga kunnensu an huda, ga magani a akwatinsa, aikin da bai fi shan shayi ba. Ban taɓa yin Faransanci mai kyau kamar na ranar ba. Kalmomin zuwa suke yi da kansu.

Ya saurare ni har na gama, yana murmushi yana gyaɗa kai don jama'a na kallo. Sannan ya amsa, muryarsa a sanyaye.

"Abokina, in na tsira wa saniya mai sabuwar huda allura a gaban mutanen nan, na shelanta cewa aikin yankin nan duka banza ne. Dole in rubuta. In na rubuta, za a ce Bature ya zo ya ci mutuncin ma'aikacin ƙasa mai 'yanci, kuma sai an sake aikin daga farko, babu wanda ya tanadi haka. Yawancin shanun nan suna da kariya. Ciwon ba zai samu wurin zama ba."

Na ce, "Waɗancan fa?"

"A irin wannan babban aiki ba a duba garke ɗaya."

Na ce to a bari jama'a su watse, mu zagaya bayan gari mu yi musu babu mai gani. Ya ce direbansa zai gani, makiyaya za su gani, gobe duk ƙasar ta ji. Sai ya dafa kafaɗata ya ce a ina na koyi yaren nan haka, ko ɗan Dakar sai haka. Ya ce ana neman irina a tarurrukan da ƙasashe ke yi kan wannan aiki, ɓata ni ake yi a nan, zai yi magana a kaina.

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa yafe wa ranar ba. Jama'a sun ga ɗan ƙasarsu ya tsaya ƙafa da ƙafa da Bature, yana zuba yare ba gargada, Bature yana gyaɗa kai har yana dafa shi. Sai wuri ya ɓarke da tafi. Makaɗa suka saki ganga, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, maroƙi ya shiga kirarin kakannina. Na tona asirin da zai kashe shanun mutum a tsakiyar fili da rana kata, aka yi mini guɗa. Maigida ma ya tafa. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga inda na nuna da hannu, ya kuma ga an rufe akwatin.

Na bar su na nufi wani dattijo da nake ganin girmansa, abokin karatun allo na mahaifina, na durƙusa na faɗa masa da Hausa a kunne. Ya ja gemunsa, ransa ya ɓaci da gaske. Amma abin da ya ce shi ne, "Ɗana, ba a tozarta mutum gaban baƙo. Bari baƙo shi tafi, sai mu zauna." Na ce maganin yana cikin motar baƙon. Ya ce ya ji, amma ba a yin haka. Baƙo ya ci, ya sha, aka ba shi kyautar rago da buta ta fata, ya hau mota ya tafi da akwatinsa. Zaman da aka ce za a yi kuwa, in an yi shi ban ji labari ba.

Tun daga nesa Baffa ya ga motar ta tashi, ya kaɗa shanunsa ya juya fadama. Na bi shi na gaya masa abin da aka yi. Ya ce, "Ka yi naka, ɗana. Saura na Allah."

Da na koma Sakkwato na kai maganar gaban wanda ke samana. Ya tambaye ni me na karanta. Na ce labarin ƙasa. Ya ce to ina ruwan mai zanen taswira da maganin shanu, alhali likita da kansa, Bature, ya duba ya yaba? Ba a daɗe ba aka kira ni aka yi mini albishir. Likitan ya cika alkawari, ya yabi tafintansa har ya wuce gona da iri. Maigida shi ma, da aka nemi jin ta bakinsa, ya ce yaro ne haziƙi, bai kamata a bar shi a lardi ba, gara a kai shi can sama inda za a amfana da shi. Mutum biyun nan da na fi ƙyama a duniya su suka haɗu suka ɗaga ni. Aka mayar da ni Kaduna da ƙarin girma, da gida, da alkawarin tafiye-tafiye. A gidanmu aka yi waina aka raba.

Baffa ya yi iya dabararsa. Ya ƙaurace wa mashaya ta jama'a, ya daina bin burtali, ya yi damina a wani tudu shi kaɗai kamar mai laifi. Amma saniya dole ta sha ruwa. Da rani ya zagayo, fatake suka ratso da shanun sayarwa daga arewa, aka haɗu a gulbi. Shanun maƙwabtansa ko tari ba su yi ba. Nasa suka fara hawaye.

Labarin ya same ni a makare, ina can wata ƙasa ina fassara wa manya jawabai a ɗaki mai sanyi. Mahaifiyata ta ce da malaman dabbobi suka je, kunne kawai suka duba. Suka ce wannan ba bushiya ba ce, ga huda, ga kuma shanun kowa lafiya lau, sai dai in wata muguwar ciyawa ya kai su suka ci. Mutanen gari kuma suka ce baki ne, ko sammu. Ta haka mutumin da ya fi kowa sanin ciyawa a ƙasar Kebbe ya zama wanda bai iya kiwo ba. Ba abin da ya tsira, har da namu.

Sai da na samu hutu na zo gida. Na tambayi inda Baffa ya sauka bana, aka ce ba sai na je Kebbe ba, in leƙa kasuwar Tambuwal ranar ci, layin masu igiya. Na je da sabuwar motata, na ajiye ta nesa don kunya.

Yana zaune a kan buhu tsakanin wani mai sayar da ragama da wani mai tabarmi. Ya rame, hular malafarsa ta yi masa yawa. A gabansa ga igiyoyin da ya tuƙa da hannunsa, a gefe kuma ga dangwalinsa, doguwar igiyar nan mai kunnuwa da ake ɗaure maruƙa a jere kowace safiya kafin tatsa. Ta yi baƙi ta yi santsi don tsufa. Bafillace ba ya kawo dangwalinsa kasuwa. Na tsuguna na gaishe shi.

Shi kuwa fuskarsa sai ta yi haske. Ya riƙe hannuna ya juya wajen maƙwabtansa.

"Kun gane shi? Wanga shi na ɗana da nika ba ku labari, mai jin yaren Faransawa. Shi na yat tsai da Nasara a Kebbe." Ya girgiza hannuna. "Yi musu kaɗan su ji."

Mai ragama ya matso, mai tabarmi ya bar ciniki. Na ce, "Baffa, na manta shi."

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa. Ya ƙara damƙe hannuna, ya yi ƙasa da murya yadda su ba za su ji ba.

"A'a, ɗana, kak ka manta. Duk shekara da za ka koma makaranta, bajimi nika fiddawa in ba ubanka shi kai kasuwa. In nai ya ƙare in sa nawa, ban taɓa gaya mai ba. Cikin dut abin da nik kiwata, karatun ga naka kaɗai yar rage da rai. Yi musu."

Na yi musu.